Ranar da Inna ta kira sunan Yaya

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka fita da gawar Yaya daga gidanmu na Tudun Wada. Na ce Yaya don haka na tashi ina kiransa. Ɗalibansa na jami'a Farfesa suke ce masa, mutanen unguwa kuma Malam Haruna, in kuwa ya ba da baya sai su ce “likitan mahaukata”. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne ba shi dariya, domin bai taɓa rubuta wa kowa ko ƙwayar ciwon kai ba. Malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne, kuma abu ɗaya ya ƙarar da rayuwarsa yana bin diddiginsa: yadda ƙwaƙwalwa take yarda da abu, da abin da yardar nan take yi wa mutum. Shi ne ɗan farin gidanmu, ni ce auta. A kan kafaɗarsa na fara ganin kasuwar Tudun Wada.

Duk shekara idan watan nan ya kama, 'ya'yansa sukan yi sadaka, tsofaffin ɗalibansa su taru su yi ta yabon iliminsa da haƙurinsa. Gaskiya suke faɗa, ban cire ko ɗaya ba. Amma bana na ga ya kamata in faɗi abin da su ba su sani ba, tun da ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka gani. Mutumin nan da ya yi ta amsa tambayoyin jama'a ya bar duniya da tambaya ɗaya tasa ta kansa, kuma a kan mahaifiyarmu ce. A ƙarshen rayuwarta ta kira shi da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi kuwa so yake ya sani: kiran nan daga zuciyarta ya fito, ko cuta ce ta yi magana da bakinta?

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba sai na koma baya kaɗan. An haifi Inna a farkon zamanin Turawa, lokacin da Tudun Wada take 'yan gidaje a bayan ganuwa, inda baƙin da suka biyo layin dogo da fatauci suke sauka. Mahaifinta baduku ne, neman kasuwar fata ya kawo shi. Ta tashi a hannun matan da ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ma sai dai wata ta ɗaga shi. Da aka yaye Yaya, kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Gida ɗaya suke da Inna, tsakar gida ɗaya, yana ganinta tana ganinsa. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”, in ranta ya yi fari ta ce “yayanku”.

Ba wai ba ta kula da shi ba ne. Idan aka yanka kaza, cinya ɗaya takan ɓace daga tukunya tun kafin a raba, sai ta yafuto ni ta ce, “Auta, kai wa wancan, kuma kada ki ce ni na ba ki.” Ni kuwa da bakina kamar reza, kafin in ajiye kwanon na faɗa. Sai ya yi murmushi ya ci. Amma sunana ni a bakin Inna ba ya hutawa: Auta zo, Auta tafi, Auta ta Inna. Ina kwance a cinyarta har na shiga firamare, tana tsefe mini kai tana yi mini waƙa. Yaya yana bakin zaure da littafi a buɗe, idonsa a kanmu. A lokacin na ɗauka karatu yake yi.

Ranar da zai tafi Ingila ƙaro ilimi, rabin unguwa ta raka shi tasha. Inna tana daka a tsakar gida. Ya zo ya durƙusa nesa da turmin ya yi mata sallama, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ba ta ɗaga kai ba. Aka fita da shi, gida ya yi tsit. Ta ci gaba da dakan nan har la'asar, alhali garin ya yi laushi tun hantsi. Babu wadda ta ce mata uffan, kowa ya san abin da take dakawa.

Da ya dawo ya kama koyarwa, sai ya zama abin kallo a unguwa. Yana da wata ƙwaƙwalwa ta roba da ake ɓarewa gida-gida, a akwatin hula yake yawo da ita. Wata rana ya manta da akwatin a zaure, wata maƙwabciya ta buɗe, ta fasa ihu. Kafin azahar labari ya kai Tudun Jukun cewa Malam Haruna kan mutum yake ajiyewa. Inna ba ta tambayi komai ba, ta dai ce mini, “Ce wa wancan ya fitar mini da abin nan daga gida.” Ya fitar, yana ta dariya har da hawaye.

Abin da yake nema ba ɓoyayye ba ne, kullum muna ganinsa, ba mu dai tsaya mun tambaya ba. Me ya sa mutumin da aka yi wa allura yake jin sauƙi tun kafin ya fita ƙofar asibiti, amma in ƙwaya aka ba shi sai ya ce an raina ciwonsa? Me ya sa magani mai ɗaci ya fi shiga rai? Me ya sa wanda aka ce masa an yi masa sammu yake ramewa, ko da babu wanda ya yi masa komai? Yakan zauna da tsofaffin mata, da malaman da suke ba da rubutu, da masu kemis, ya yi ta sauraro. Ba ya musu da kowa, shi ya sa suke buɗe masa ciki.

Ɗalibansa sun ce a ranar farko yakan kawo zuma a ƙananan kwanuka biyu, ya ce wannan ta daji ce, wannan kuwa ta kasuwa, a ɗanɗana a faɗi bambanci. Sai aji ya kaure, har da masu rantsuwa. In sun gama sai ya fito da kwalba ɗaya tak. “Ba ƙarya kuka yi ba,” in ji shi, “harshenku ya ji bambancin da gaske. Ƙwaƙwalwarku ce ta zuba shi a ciki.” Ni ma ya taɓa kama ni da wannan dabara, da man shanu. Har gobe ina nan a kan bakana, na kwanon dama ya fi ƙanshi, oho dai.

Daga nan yake ɗora babban darasinsa, wanda duk wanda ya zauna a gabansa ya haddace: babu abin da ƙwaƙwalwa take saurin gaskatawa kamar abin da take yunwarsa. In ka ji zuciyarka ta yi na'am da labari tun kafin a gama faɗa, to tsaya, ka sake dubawa. Wasu sun zarge shi a kan haka. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Malam Haruna, an ce kai kana cewa imani tsoka ne a cikin ƙoƙon kai?” Yaya ya ce, “Baba, ido ma ai tsoka ne, amma da shi kuka ga Ka'aba. Ni kayan aikin nake dubawa, Mai kayan na san shi.” Dattijon ya ce to, suka shiga sahu tare.

Sau da yawa in na fito bakin titi yanzu sai in ce ina ma Yaya. Ga mai tallan magani da lasifika a kan mota, kwalba ɗaya tana maganin basir da hawan jini da rashin haihuwa, jama'a sun yi dafifi har 'yan keke da 'yan acaɓa sun rasa hanya. Ga waya a hannun kowa, a turo maka labari da safe ka tura wa mutum goma kafin ka wanke ido, don kawai ya yi daidai da abin da kake so. Na san da yana nan da ba zai yi faɗa ba. Zai nemi benci ya zauna kusa da mai lasifikar, ya tambaye shi daga wane gari yake. Akwai kuma abin da ban san me zai ce a kansa ba. Jikanyata tana kiran ɗanta na fari da sunansa a gaban surukanta, tana sumbatarsa, tana ɗaukar hoto tana yaɗawa duniya. Da Inna ta gani da ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya kuwa ina jin zai daɗe yana kallon yaron.

Gigin tsufa ya fara wa Inna ne da ƙananan abubuwa. Ta sa gishiri a miya ta sake sawa, ta nemi carbinta yana wuyanta. Sannu a hankali sai ta bar zamaninmu ta koma nata. Takan tambaya ko jirgi ya wuce, don mahaifinta zai dawo daga tasha da fatu. Wata rana muka sami jikokinta a ƙarƙashin gado, ita ta tura su, wai masu lambar rigakafin agana na Bature sun shigo gari suna tsaga wa yara hannu. Mu kuma da wautarmu sai mu yi ta gyara mata. In ta ce a ajiye wa babanta tuwo, mu ce, “Inna, ai babanki ya rasu tun ba a haife mu ba.” Sai ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Yaya ne ya hana. Ya tara mu ya ce, “Duk ranar da kuka gaya mata, a wurinta ranar ya mutu. Ku ajiye tuwon, me zai rage ku da shi?” Muka riƙa ajiyewa.

Ni ya kira gefe, ya buɗe akwatin hular nan a cikin motarsa, tun da an hana shi shigo da shi. Ya nuna mini sashen gaba, daidai bayan goshi. Ya ce nan ne linzamin mutum, shi yake riƙe harshe, shi yake cewa wannan a faɗa, wannan a haɗiye. Na Inna yana lalacewa. Ya ce in shirya, zan ji abin da ban taɓa ji ba, kuma kada in ɗauki komai a zuciya, domin in linzami ya saki, gaskiya takan fito, shirme ma yakan fito, kuma a tare suke fitowa. Haka kuwa aka yi. Inna da ba a taɓa jin muryarta a waje ba ta zagi maƙwabci ta kan katanga. Ta ce matar da take yi mata wanki ta sace mata 'yan kunnen da suka ɓace tun ina goye. Ta ci abinci a gaban surukinta tana santi.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Na zo daga gidana in yi mata kitso, tana zaune a tabarma tsakanin ƙafafuna a inuwar lemo. Yaya ya yi sallama ya shigo da babbar rigarsa, furfura ta cika masa gemu. Ya durƙusa inda ya saba durƙusawa tun yana yaro, nesa kaɗan, ya gaishe ta. Sai na ji kanta ya kuɓuce daga hannuna. Ta ɗago ta dube shi tsakiyar ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

“Haruna,” in ji ta.

Wallahi tsinken kitson faɗuwa ya yi daga hannuna. Yaya ya waiwaya baya, kamar akwai wani Harunan a zaure.

“Haruna, matso nan mana. Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can ne?”

Ya matso da gwiwoyinsa, rigar tana jan ƙasa. Ta ture hularsa, ta shafa kansa, yatsanta ya tsaya a kan wani tsohon tabo da yake bayan kunnensa. Ta ce, “Nan ne ka faɗi a bakin rijiya. Ina tsaye a ƙofar madafa, jini yana zuba, uwar mijina tana nan. Ban iya zuwa ba.” Ya ce, “Na'am, Inna.” Ya sunkuyar da kansa kusa da cinyarta. Ni kuwa kuka nake yi sosai, ban ɓoye ba.

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma ba a jima ba mai ruwa ya yi sallama ya shigo da garwa, Inna ta dube shi da irin wannan kallon ta ce, “Ɗana, ka rame, zo ka ci abinci.” Sannan ta juyo ta kalli Yaya, da kansa yake kusa da cinyarta, ta tambaye ni a hankali, “Wane ne wannan baƙon?”

Na sami Yaya a zaure yana karkaɗe hularsa, ya daɗe yana karkaɗewa. Ya ce, “Auta, kin ji?” Na ce na ji mana, kurma ce ni? Ya ce, “Kaka ta ce mini daga kan jaki na faɗo na ji ciwon nan. Ba ta taɓa ambaton rijiya ba. Kuma masu irin wannan cuta, in sun tarar da gurbi a tunaninsu, sukan cike shi da labarin da bai faru ba, su kansu ba su sani ba.” Raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Yaya! Bokon naka har nan ya biyo ka? Uwarka ta kira ka, ka amsa, magana ta ƙare.” Ya ce, “Ai na amsa. Amma Innar da na sani ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Wadda ta faɗa ɗin, ita ce, ko abin da cutar ta bari ne? Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane su yi hattara da abin da suke yunwarsa. To ga ni, Auta. Tun ina yaro nake jin yunwar nan.” Tun da nake da shi ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Ta ci gaba da kiransa jefi-jefi har ƙarshen damina, wata rana ta gane shi, wata rana ta ɗauke shi baƙo. Kullum in ya tashi daga aiki nan yake zuwa, kafin gidansa na Kwangila. Duk kiran da ta yi ya amsa, ko tana kallon bango take yi. Daga baya magana ta ɗauke mata gaba ɗaya, ba a daɗe ba kuma Allah ya karɓi abarsa. Duk waɗanda za su iya cewa rijiya ce ko jaki sun riga ta tafiya. Ya tambayi tsofaffin unguwa biyu ko uku, kowa ya ce bai tuna ba, sai ya daina tambaya.

Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda ita ma yanzu take koyarwa, ta gaya mini a wajen addu'ar bara cewa a shekarunsa na ƙarshe ya yi wa darasin nan nasa ƙari. Bayan ya gama gargaɗin da ya saba, sai ya ce, “Amma ku lura, son da kake yi wa abu ba hujja ba ne cewa ƙarya ne. Wani lokaci abin da kake yunwarsa yana nan da gaske.” Ta ce in zai faɗi wannan taga yake kallo, ba su ba, kuma ba su taɓa sanin dalili ba. Ni na sani, amma ban gaya mata ba a ranar.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce a mayar da shi gidanmu na Tudun Wada, ɗakin Inna. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce, “Auta, zan yi miki tambaya irin ta aiki. Ke ma kina da ɗan fari.” Gaskiya ne. Ina da ɗa namiji, babba, yana aiki a Kaduna. Ni ban kai Inna tsanani ba, ni na raine shi, muna hira, muna dariya. Amma sunan nan ban taɓa furta shi ba. Yana ƙarami “yayansu” nake cewa, da ya gama karatu na koma “Injiniya”, kowa ya ɗauka tsokana ce. Haka na gada, haka na ga ana yi, kuma kunya ba mayafi ba ce da za ka cire ka rataye.

Ya ce, “Sunan nan da ba kya faɗa, ina yake zama?”

Na ji kamar in nutse, amma mai jinya ba a ƙi masa. Na ce, “A ƙarƙashin harshe yake, Yaya. Kullum yana nan. In na ji an ce an yi haɗari a hanyar Kaduna, shi yake fara tasowa. In na yi sujada shi ne farko. Sai ya zo bakin leɓe in haɗiye shi.”

“To ranar da linzami ya saki, me zai fara fita?”

“Wanda ya fi daɗewa yana jira a bakin ƙofa mana. Wannan ma sai an je Ingila?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Shaida ɗaya ce, kuma 'yar gida.” Sai ya juya fuskarsa bango, inda gadon Inna yake a da, ya ce, “Amma na karɓa, ko na yau kaɗai.” Bai ƙara tayar da maganar ba har ya cika. Ko ya tafi da yarda, ko ya tafi da tambayarsa, ban sani ba. Ina so in ce ya yarda, ina so ƙwarai, kuma shi da kansa ya koya mini abin da zan yi da irin wannan so. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya haɗa su inda babu kunya tsakanin uwa da ɗa.

In aka ce me ya rage na Yaya, masu ilimi za su kawo littattafansa da ɗalibansa, kuma sun isa abin alfahari. Ni abin da nake gani ƙanana ne. A danginmu yanzu ba a ƙaryata tsoho mai gigi, in ya ce a ajiye wa mamaci tuwo, ajiyewa ake yi. 'Ya'yansa ba sa tura labari a waya sai sun duba, har ana yi musu tsiya da haka. Ni kuma kewarsa ba ta ragu ba, ƙaruwa ma take yi. Ina kewar wanda zan yi wa rashin kunya ya yi dariya, ina kewar mutumin da in ka kawo masa shirme sai ya gyara zama ya ce, “To, me ya sa kika ga haka?” Amma abin da ya fi zauna mini shi ne tsayuwar nan tasa a zaure yana karkaɗe hular da babu ƙura a jikinta.

Kwanakin baya na tsaya a tsakiyar madafa da ludayi a hannu, na rasa abin da ya kawo ni. Bayan nan sunan maƙwabciyata, wadda muke tare tun muna amare, ya ɓace mini tun safe har azahar. Likita ya duba ya ce ba komai, shekaru ne da hawan jini. Mai yiwuwa gaskiyarsa. Amma ni na ga yadda na Inna ya fara. Na zauna na yi tunani: in abin ya zo, sunan nan zai fita, babu makawa, ni na faɗa da bakina. Kuma ɗan nan nawa ya san komai, yana saurayi lokacin jinyar kakarsa, ya ji bayanin linzami daga bakin kawunsa. Zai durƙusa a gabana da furfurarsa, in kira shi, ya amsa, sannan ya fita zaure ya ɗauki tambayar da ta bi Yaya har kabari.

Ranar Talatar da ta wuce na yi wanka, na karya, na sha maganina, na zauna a kujera rana tsaka, hankalina garau. Na ɗauki waya. Sai da na ajiye ta na sake ɗauka, ni da na yi shekaru ina koyarwa, ina tsawata wa 'yan firamare. Ta yi ƙara, ɗana ya ɗauka, ina jin hayaniyar ofis a bayansa.

“Umma, ina wuni? Ya jikin?”

Na ce, “Kabiru.”

Na ji an ja kujera, an rufe ƙofa, hayaniyar ta ɗauke. Sannan ya yi magana.

“Umma, lafiya kuwa? Wa yake kusa da ke? Ba wani wayar in yi magana da shi.”

Allah sarki, ɗan ƙanwar Farfesa. Na ce, “Babu wanda zan ba. Yau Talata, ina ɗakina a Tudun Jukun, na san abin da na ci da safe, na san wanda nake magana da shi. Tambaye ni duk abin da ka ga dama. Lafiyata ƙalau, shi ya sa na kira ka yanzu, tun ina ni. Kada wata rana ka tsaya kana tambayar kanka.”

Har na ɗauka layin ya yanke.

Sai ya ce, “Umma, sake faɗa.”

Na sake faɗa.